Renon Irin Dashe: Sabuwar Kafar Zuba Jari A Noman Burokoli Da Kabeji

JOS — Tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar tsayar da darajar Naira, lissafin masu noman kayan lambu irin na Turawa a Jihar Filato ya sake salo. Dalar Amurka, wadda ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati kafin ɗaukar wannan mataki, ta haura Naira 1,500 a cikin watan Fabrairu na 2024. Da yake galibin irin burokoli da farin kabeji da kabeji mai aure da ake shukawa a ƙasar nan daga ƙetare ake shigo da shi, musamman daga kamfanonin Holan da Japan da Faransa, sai ya kasance ƙwayar da a dā ake yafawa da tafin hannu, a yau ƙirga ta ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsada ita ce ke buɗe ƙofa ga wata sana'a mai zaman kanta a tsakanin mai sayar da iri da mai lambu, watau renon irin dashe a ƙarƙashin rufi. Mai wannan sana'a yakan karɓi ƙwaya, ya tsirar da ita a cikin tire mai gurabu, ya rene ta har mako huɗu zuwa shida, sa'an nan ya miƙa wa manomi shuka lafiyayya wadda ta isa dasawa. Filin da ake bukata kaɗan ne, kuɗin kuma na juyawa da sauri, amma hajar ba ta ajiyuwa, kuma kuskuren kwana uku na iya cinye ribar wata guda. Saboda haka ya wajaba duk ɗan kasuwar da ke sha'awar shiga ya san inda ribar take fitowa da kuma inda take zurarewa.

Dalilin da ya sa Filato

Burokoli ɗan uwan kabeji ne da farin kabeji, asalinsu guda, kuma an fara noma shi ne a ƙasar Italiya da kewayen Bahar Rum. A yau ƙasashen Sin da Indiya su ne kan gaba a duniya wajen noman burokoli da farin kabeji. Abin da ake ci a jikinsa shi ne dunƙulen furen da bai buɗe ba, wanda masu lambu ke kira kai. Wannan kai ba ya ɗauruwa da kyau sai a cikin sanyi, galibi tsakanin digiri 15 da 22 a ma'aunin salshiyas. Idan zafi ya kusanci digiri 30 ya kuma daɗe, kan yakan fito a warwatse, ganye ya ratsa shi, ko kuma ya yi saurin buɗe fure ya zama rawaya.

Garin Jos na bisa tudun da ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma wannan tsayi shi ne ya ba shi sanyin da wasu sassan ƙasar nan ba su da shi sai a tsakiyar hunturu. Noman kayan lambu irin na Turawa ya kafu a nan ne tun zamanin haƙar kuza, lokacin da Turawan kamfanoni ke bukatar kabeji da karas da latas a teburinsu, masu lambu kuma, waɗanda da yawa daga cikinsu Hausawa ne, suka shiga noma musu. Bayan da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a shekarar 1985, kududdufan da haƙar ta bari suka ƙara zama abin dogaro ga manoman rani, tare da bakin kogin Dilimi. Ƙananan injinan ban ruwa da suka yaɗu, musamman a ƙarƙashin shirin Fadama wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, sun ƙara faɗaɗa aikin. Daga kasuwar Farin Gada da ke Jos ake lodin waɗannan kaya zuwa Abuja da Legas da Fatakwal, inda otal-otal da manyan kantuna da gidajen cin abinci ke saye.

Lissafin ƙwaya

Hanyar da aka gada ita ce a gyara ɗan fangali a gefen lambu, a yafa iri, a rufe da ciyawa, a riƙa ban ruwa har ya isa cirewa. Wannan hanya ba ta cin kuɗi, amma tana cin iri. Wani ya nutse ƙwarai ya kasa fitowa, wani ruwan sama ya kwashe shi, wani tururuwa ta ja, wanda ya tsiro kuma ya cunkushe ya yi ta kokawar neman haske. Ranar cirewa kuwa saiwa takan tsinke, shukar ta yi kwanaki tana jinya a gona kafin ta farfaɗo, wata ma ba ta farfaɗowa.

Ana iya auna wannan hasara da alƙalami. Idan aka dasa burokoli da tazarar santimita 60 tsakanin layi da layi, da santimita 50 tsakanin shuka da shuka, hekta ɗaya za ta ɗauki shuka kimanin 33,300. Giram ɗaya na irin burokoli na ɗauke da ƙwaya wajen 300. Mai reno a tire yakan sa ƙwaya ɗaya a kowane gurbi, ya ƙara kashi goma cikin ɗari saboda waɗanda ba za su fito ba, watau ƙwaya kimanin 37,000, ko kuma giram 125. A hanyar fangali kuwa, shawarar da malaman gona kan bayar ita ce giram 300 zuwa 400 domin hekta guda. Ke nan tire na rage bukatar iri da fiye da rabi. Lokacin da iri ke da araha wannan bambanci bai isa ya tayar da hankalin kowa ba. Yanzu da farashinsa ke bin Dala, shi ne ke biyan kuɗin tire da na rumfa.

Har ila yau, manomi ba shi da damar ya ajiye irin da zai shuka baɗi daga gonarsa. Iri mai aure, wanda ake rubuta wa alamar F1 a jikin fakiti, ana samar da shi ne ta hanyar haɗa iyaye biyu da kamfani ya keɓe. Idan aka sake shuka 'ya'yansa, sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, wani ya nuna da wuri wani ya makara. Saboda haka kowace kaka sai an koma kanti.

Ɗaki ko rumfa

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, masu lambu kan tsirar da iri a cikin gida ko a ɗakin gilashi makonni kafin sanyi ya janye, domin ƙanƙara na kashe ƙaramin tsiro, sukan kuma kunna masa fitilu saboda ƙarancin rana. Renon dashe a tire a matsayin masana'anta ya bunƙasa ne a jihar Florida ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, inda kamfanin Speedling ya fito da tire mai gurabu masu faɗi a sama da tsini a ƙasa, ta yadda ake zare shuka da ƙasarta ba tare da saiwa ta tsinke ba.

A Nijeriya abokan gaban tsiro daban ne: ruwan sama mai ƙarfi, da ƙanƙarar da kan faɗo a Filato a wasu lokuta, da zafin rana, da ƙwari. Haske kuwa kyauta ne, ga shi wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Don haka abin da ya dace da ƙasar nan shi ne rumfa mai rufin farar leda mai jure rana, wadda aka kewaye da raga mai ƙananan idanu. Ɗakin kwana ko shago mai taga ɗaya ba zai yi ba, domin tsiron da bai samu isasshen haske ba yakan miƙe siriri ya yi fari, ya karkata wajen taga, kuma irin wannan ba ya ƙarko a gona. Wajibi ne rufin ya yi tsawo, gefuna su bar iska ta ratsa, in ba haka ba leda takan tara zafi ta dafa shukar da tsakar rana.

Ana jera tire ne a kan benci ko gadon itace da ya ɗaga daga ƙasa. Amfanin haka biyu ne. Na farko, cutar da ke cikin ƙasa ba ta hawa. Na biyu, saiwar da ta leƙo ta hudar gindin gurbi takan bushe da iska, sai shukar ta fitar da wasu saiwoyi a ciki, su dunƙule ƙasar wuri ɗaya. Tire mai gurbi 128, wanda ya dace da dangin kabeji, tsawonsa kimanin santimita 54 ne, faɗinsa 28. Dashen hekta guda na bukatar irin wannan tire wajen 290, waɗanda za su ci murabba'in mita 44, idan an haɗa da hanyoyin wucewa kuma kimanin 70. Watau rumfa mai mita 7 a faɗi da mita 10 a tsawo ta isa ta ciyar da hekta ɗaya a kowane zagaye.

Daga ƙwaya zuwa tsiro

Aikin yana farawa ne tun a kanti. Fakitin iri na gaskiya na ɗauke da sunan nau'i, da lambar rukuni, da yawan abin da ake sa ran zai tsiro cikin ɗari, da ranar da aka gwada shi. Irin dangin kabeji na iya kai shekara uku zuwa huɗu da ransa idan an adana shi a wuri mai sanyi marar laima, amma gwangwanin da ya yi watanni a rumfar kasuwa rana na dukansa ya riga ya raunana tun kafin a buɗe shi. Hanyar gane wa ido mai sauƙi ce: a ƙirga ƙwaya 50 ko 100, a shimfiɗa a kan tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa, a ƙirga waɗanda suka tsiro a rana ta biyar da ta goma. Mai reno da ya tsallake wannan gwaji yana iya cika tire ɗari da irin da rabinsa matacce ne.

Ƙasar gona ba ta dace da tire ba, domin takan daskare ta hana saiwa numfashi, ga 'ya'yan ciyawa da cututtuka. Manyan masu reno na amfani da dusar ɓawon kwakwa, wadda ke riƙe ruwa ba ta kuma yin taɓo, sai dai yawancinta shigo da ita ake yi, kuma sai an wanke ta saboda gishiri. Abin da ke kusa da hannu shi ne ɓuntun shinkafa da aka babbake bai zama toka ba, a gauraya da ruɓaɓɓen takin da aka tankaɗe. Ɓuntu kuwa tuli yake a bayan injinan casar shinkafa a garuruwa irin su Lafiya da Kano. Wanda zai haɗa da ƙasa, to ya fara turara ta a rabin ganga, ko ya jiƙa ta ya rufe da farar leda a rana na tsawon makonni, domin zafi ya kashe abin da ke ciki. Ɗanyen taki ba ya shiga tire ko kaɗan, saboda yana ƙona tsiro.

Ana sa ƙwaya a zurfin rabin santimita zuwa santimita ɗaya, a rufe sama-sama, a yayyafa ruwa a hankali. Abin lura a nan shi ne, ko da yake burokoli na son sanyi wajen ɗaure kai, ƙwayarsa ɗumi take so wajen tsirowa. A kusan digiri 25 takan fito cikin kwana huɗu zuwa bakwai, a daren hunturun Jos kuwa, inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, takan yi jinkiri. Wasu masu reno kan ɗora tire bisa tire a ɗaki mai ɗumi na kwana biyu ko uku, amma da zarar ƙwaya ta fara fasa ƙasa dole a fitar da su zuwa haske a ranar, domin jinkirin yini ɗaya ya isa ya sa su miƙe.

Ban ruwa da safe ake yi, yadda ganye zai bushe kafin dare. Bayan ganyen gaskiya na farko ya fito, watau wanda ke biyo bayan ganye biyu na tsiro, ana fara ba da takin zamani mai narkewa a ruwa, tsarma-tsarma. Yawan taki na sa shuka ta yi kore shar ta burge mai saye, alhali jikinta ruwa ne, rana ɗaya a gona ta kwanta.

Cututtukan da ke cin jari

Babbar barazana a makon farko da na biyu ita ce cutar da ke ruɓar da gindin tsiro daidai inda ya haɗu da ƙasa, a wayi gari a tarar da layi guda ya kwanta. Ƙwayoyin fumfuna da ke rayuwa a ƙasa da ruwa ne ke kawo ta, kuma yawan ban ruwa da cunkoso da rashin iska su ne ke ba ta ƙarfi. Ruwan kududdufi da na rafi na iya ɗauko ta, saboda haka ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi aminci ga rumfa. Tsiron da ya kamu ba ya warkewa. Abin yi shi ne a fitar da tiren, a rage ruwa, a kuma wanke kowane tire da ruwan bilic kafin a sake amfani da shi.

Ta biyu ita ce baƙar ruɓa, wadda ƙwayar bakteriya ke haddasawa, kuma takan zo ne a jikin iri. Alamarta ita ce gefen ganye ya yi rawaya, rawayar ta tsuke zuwa ciki kamar bakin mashi, jijiyoyin ganyen su yi baƙi. Haɗarinta ga mai reno shi ne, 'yan ƙwayoyi kaɗan masu cutar na iya shafa wa dubbai ta hanyar fantsamar ruwa, a kuma sayar da su kafin alama ta bayyana. Irin da ba a yi wa magani ba ana iya jiƙa shi a ruwan zafi mai digiri 50 na minti 20, amma wannan aiki ne na ma'aunin zafi, ba na kintace ba, kuma ba a yi wa tsohon iri ko wanda kamfani ya riga ya shafa wa magani mai launi.

Daga ɓangaren ƙwari kuwa akwai darɓa, da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai fiffike wanda tsutsarsa ke huda ganyen kabeji da danginsa, wanda kuma ya yi suna a duniya wajen bijire wa magungunan feshi. Raga ita ce maganinsa mafi araha, muddin ba a bar ƙofa a buɗe ba, ba a kuma kafa rumfar a gefen tsohuwar gonar kabeji ba.

Ranar dasawa

Dashen burokoli yakan isa gona ne idan ya yi ganyen gaskiya huɗu zuwa biyar, tsawonsa santimita 10 zuwa 15, karansa ya yi kauri, saiwarsa fara ta kama ƙasar gurbin yadda za a zare shi a dunƙule. Kimanin mako guda kafin wannan rana ana horar da shi: a rage masa ruwa, a dakatar da taki, a riƙa fitar da shi rana a hankali. A jiƙa tire sosai kafin a ɗauka, a yi dashen da yamma, a bi shi da ruwa nan take.

A nan ne sana'ar ta bambanta da cinikin hatsi. Mai buhun masara na iya jiran farashi ya tashi. Mai dashe ba shi da wannan dama, domin tsakanin isa dasawa da wuce lokaci bai fi mako guda zuwa kwana goma ba. Burokolin da ya tsufa a tire, saiwarsa ta nannaɗe, ya sha yunwa, idan an dasa shi yakan yi gaggawar ɗaure ɗan ƙaramin kai kamar maɓallin riga, wanda ba mai saye. Manomi ba zai gane an cuce shi ba sai bayan makonni, bayan ya kashe kuɗin taki da man inji da ƙwadago. Saboda haka ƙa'idar farko ga mai jari ita ce kada ya tsirar da abin da ba a yi oda ba: a karɓi kafin alƙalami, a rubuta ranar ɗauka, sa'an nan a shuka.

Kalanda da kasuwa

Ribar rufi ta fi bayyana idan aka ƙirga kwanaki da baya. Alal misali, manomin da ke son ya kai burokoli kasuwa ranar 20 ga Disamba, lokacin da otal-otal ke cika saboda bukukuwan ƙarshen shekara, idan nau'in da ya zaɓa na nuna cikin kwana 65 bayan dasawa, to sai ya dasa a tsakiyar Oktoba. Ke nan sai an sa ƙwaya a ƙasa wajen 11 ga Satumba, lokacin da damina ba ta ɗauke ba a Filato. Fangalin da ke fili a irin wannan lokaci yana hannun ruwan sama, mai rumfa kuwa yana shuka ranar da ya ga dama. Masu jiran ɗaukewar ruwa duk tare suke shuka, tare suke girbi, kuma tare suke karya wa juna farashi.

Bugu da ƙari, kasuwar burokoli siririya ce. Ba cimar yau da kullum ba ce kamar tumatir da albasa, masu sayensa kaɗan suke so amma a kowane mako. Ga shi iri mai aure kusan lokaci guda yake nuna, kuma kan da aka yanke yakan fara rawaya cikin kwana biyu ko uku idan babu sanyi, alhali a ɗakin sanyi mai kusan digiri sifiri yana iya kai mako uku. Hekta guda mai shuka 33,300, idan kowane kai ya yi giram 300, za ta ba da kimanin tan goma. Zubo wannan a kasuwa cikin mako ɗaya ba tare da motar sanyi ba neman hasara ne. Dabarar ita ce a kasa gonar, a riƙa dasa kaɗan-kaɗan kowane mako ko mako biyu, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da mai renon da ke fitar da dashe a kan jadawali.

Ga shi kansa mai renon, kuɗin da ya kashe kashi biyu ne. Akwai na kafuwa, watau rumfa da benci da tire da tankin ruwa, akwai kuma na kowane zagaye, watau iri da ƙasar tire da taki da ladan ma'aikata. Zagaye ɗaya, har da wanke-wanke, yakan ci kimanin mako shida, don haka a lissafi rumfa na iya yin zagaye takwas a shekara. Wanda ya yi zagaye biyu kacal, nauyin kuɗin kafuwa a kan kowace shuka ya ninka na mai zagaye shida sau uku. Wannan shi ya sa burokoli kaɗai ba zai riƙe rumfa ba. Sai an haɗa da kabeji da latas da koren tattasai da attarugu da tumatir, kowanne a lokacinsa.

Amana ita ce jarin

A mako na huɗu, dashen burokoli da na kabeji da na farin kabeji kusan kamanninsu ɗaya, balle a ce za a bambance iri mai aure mai tsada da na banza ta hanyar duban ganye. Mai saye cinikin biri a sama yake yi, abin da ya dogara da shi kawai shi ne maganar mai reno. Kasuwar da mai saye ba ya iya tantance haja, idan ba a yi hattara ba, mai algus ne ke korar mai gaskiya, domin shi ne ke iya karya farashi.

Akwai hanyoyi biyu na tsara cinikin. A ta farko manomi ne ke kawo irinsa, ya biya ladan reno a kan kowace shuka da ta isa dasawa. Wannan na rage wa mai rumfa jari, yana kuma kawar da gardama a kan nau'i, sai dai a buɗe fakitin a gaban juna a kuma yi gwajin tsiro. A ta biyu mai rumfa ne ke sayen iri ya sayar da dashe, ribar ta fi yawa, alhakin ma haka. Ko wacce aka bi, ya kamata kowane tire ya kasance da alamar nau'i da ranar shuka, a kuma ajiye fakitin da lambar rukuninsa har manomi ya yi girbi.

Ta fuskar doka, Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, ita ce ke da alhakin yi wa masu sayar da iri rajista da yaƙi da jabun iri, kuma dokar da aka sa wa hannu a shekarar 2019 ta ƙara mata ƙarfi. Shigo da iri daga ƙetare kuma na bukatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi. Ɗan kasuwar da ya sayi iri ta bayan fage saboda araha, ba shi da wanda zai kama idan abin ya ɓaci.

Babbar kasuwar na gaba

Duk abin da aka koya a kan burokoli a Filato yana da amfani a filayen tumatir na Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, inda yawan shukar da ake dasawa kowace shekara ya ninka na burokoli nesa ba kusa ba. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a wannan shekarar domin sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya saboda rashin kaya. Raga ba ta kare gona, amma tana tabbatar da cewa shukar ta bar wurin reno ba tare da ƙwan tsutsa ko cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ba. Shirin HortiNigeria, wanda gwamnatin Holan ta ɗauki nauyinsa daga shekarar 2021 a jihohin Kano da Kaduna da Ogun da Oyo, ya sanya renon iri cikin abubuwan da ya koyar da manoma. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda ke Ibadan, ita ma tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano.

Dashe ba ya son doguwar tafiya, tire kuma na cin wuri a mota, ga kuɗin sufuri da ya tashi bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Wannan na nufin babbar rumfa guda ba za ta iya mamaye kasuwar ba. Fili a buɗe yake ga ƙananan rumfuna a kusa da masu lambu, a wurare irin su Vom da Kuru da Bukuru da Lamingo, kuma aiki ne da matasa da mata marasa gona za su iya yi a bayan gida. Sai dai mai jari ya sa rikice-rikicen da suka addabi wasu sassan Jihar Filato tun daga shekarar 2001 a cikin lissafinsa, domin manomin da aka raba da gonarsa ba zai zo ɗaukar dashen da ya yi oda ba.

Matakin da ya fi dacewa ga mai farawa shi ne ya nemi manoma biyar ko goma da suka yarda su biya kafin alƙalami, ya fara da tire ashirin ko talatin, ya rubuta yawan abin da ya shuka da abin da ya tsiro da abin da ya sayar a kowane zagaye, sa'an nan ya bi dashensa har gona ya ga irin kan da ya ɗaura. Idan waɗannan manoma suka dawo da oda ta biyu, lokacin faɗaɗa rumfa ya yi.